Wa Ya Ƙarje Gilashin Baba?

Kano, 3 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata Ikilima,

Bayan gaisuwa, gwiwar da na zo Kano jinyarta ta yi sauƙi. Kin san kunnena ba ya jin waya, shi ya sa na rubuto.

Rabiou, maƙwabcinmu na unguwar Awendjé a nan Libreville wurinku, ya aiko mini cewa ya gan ki kin saka madubin hangen nesana a taksi, kin kai shi unguwar Oloumi wurin wani Monday mai gyaran kyamara. Ya ce da aka dawo da shi ya leƙa, ya ga gilashin gaba duk a ƙarje. Yana zargin an cire nawa an saka wani. Shekara goma sha ɗaya jama'ar masallacinmu na duban watan azumi da shi, ban taɓa bari wani ya taɓa shi ba. Wa ya aike ki? Me kuka ƙulla da mutumin nan?

Mahaifinki,
Alhaji Maitama

Libreville, 8 ga Fabrairu

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi, Allah ya ƙara sauƙi.

Ba wanda ya aike ni. Da na buɗe akwatin madubin na tarar murfin ya faɗi, jar ƙurar titi ta kwanta a kan gilashin. Na ji tsoron taɓawa, azumi kuma ya matso, sai na kai wa Monday. Ina tsaye ya yi aikin, ko ƙofa ban leƙa ba.

Baba, maganar Rabiou ta zagaye unguwa. Mata sun daina tsayawa a shagona, ana cewa na sayar da kayan ubana yana kwance. Jiya mutum biyu suka je suka karɓe kyamarorinsu daga wurin Monday ba a gama gyara ba. Akwai abin da ya nuna mini ran nan, amma bakina ba zai iya faɗa maka ba. Ga takardarsa na haɗa.

'Yarka,
Ikilima

Oloumi, 8 ga Fabrairu

Baba Alhaji,

Barka da jinya. Ni Monday ne, haifaffen Kafanchan, shekarata tara a nan.

Ga abin da na yi. Na karkata gilashin ƙasa, na busa masa iska da 'yar robar busawa, ba da baki ba, don yawu na barin tabo. Ƙurar da ta maƙale na ɗauke ta da buroshi mai laushi. Sai da ta fita tas na ɗiga maganin goge gilashi a audugar farmasi, na shafa a hankali daga tsakiya zuwa gefe. Kowace auduga shafa ɗaya, sai in yar.

Da ƙura ta tafi ne ƙarjewar ta fito. Ba sabuwa ba ce, Baba. Zagaye-zagaye ce a kan juna, irin wadda ake samu in an daɗe ana goge gilashi da ƙyalle alhali yashi na kai. A bakin zoben da ke riƙe da gilashin na zaro farin zare guda uku, irin na rawani. Na ɗauki hoto kafin in fara da bayan na gama, ga su na haɗa; lambar da ke jikin zoben ɗaya ce, ba a canja gilashin ba.

Ban ce kowa ne ba. Gilashin zai nuna wata, sai dai da ɗan hazo. Sunana kawai nake roƙo a wanke.

Naka cikin girmamawa,
Monday

Kano, 14 ga Fabrairu

Ikilima,

Bayan gaisuwa, na ga hotunan.

Zaren nawa ne. Duk shekara kafin in kafa shi a rufin masallaci, sai in hura masa numfashi in murje shi da jelar rawanina. Na ɗauka kulawa nake yi.

Ki kai wa liman wannan takarda ya karanta bayan sallar Juma'a, Rabiou na zaune. 'Yata ba ta ci amanata ba, Monday bai yi sata ba. Ni na ƙarje abina da hannuna. Ki yafe mini. Monday kuma ki ce masa zan zo shagonsa da ƙafata in na dawo.

Ki ɗauki madubin ranar ashirin da tara ga Sha'aban, ki hau rufin da kanki. Bana ke za ki duba mana.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Maitama