Wanda Zai Kai Kwarina

Da sunan Allah, wanda ya ba da rai kuma zai karɓi abinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ni ne Sama'ilu ɗan Khalilu, na Unguwar Ƙirya a ƙasar Ɗanbatta, tsohon maharbi cikin dakarun ubangidanmu na Birni. Ina rubuta wannan da hannuna bayan yankan dawa, hankalina yana jikina, ba wanda ya sa ni, ba wanda ya zauna kusa da ni yana faɗa mini abin da zan rubuta. Ƙafafuna sun kumbura har gwiwa, numfashina ya gajarta. Na ga wannan ciwo a jikin waɗansu, na san inda yake kai mutum. Wasiyyar taku ce, Muhammadu Sani da Usaini da Maijidda, kuma a karanta ta mahaifiyarku Kaltume tana zaune tana ji.

Na farko. In na cika da safe, a rufe ni kafin azahar. In da yamma ne, kada a wuce hantsin washegari. Likkafanina yana cikin adudun da ke ƙarƙashin gadona, Kaltume ta kaɗa zaren, masaƙin unguwa ya saƙa. Kada ku jira ƙyallen da gidan ubangidanmu yake bayarwa in maharbinsa ya rasu. Na ga 'ya'yan wani abokin yaƙina sun ajiye ubansu a ɗaki cikin zafin bazara suna jiran wannan ƙyalle ya iso daga Birni, don a ce an naɗe shi da kyautar manya. Ni na shiga na yi masa wanka. Ba zan rubuta abin da na tarar ba. Ƙyallen ba don a jira shi ake bayarwa ba, mayarwa ce ta abin da gida ya riga ya fitar. A haƙa mini kusa da Hasan, tagwayen Usaini, in akwai wuri. In babu, duk inda aka samu.

Na biyu, kuma shi ne dalilin takardar nan. Kun girma kuna ganin abin, amma ba wanda ya taɓa zama ya bayyana muku shi daki-daki, don haka ku saurara.

Gonar da gidanmu yake tsakiyarta ba tawa ba ce. Gonar baka ce, wato wadda gidan ubangidanmu yake ba maharbinsa aro, ya ci, in an buga tambari ya fito. Tare da ita aka ba ni kwarin da ke rataye a ɗakina, mai ɗinkin jar fata a baki. Bakan nawa ne, ni na sassaƙa shi. Kwarin na gidan ne. Al'adar wannan gida ita ce: in maharbinsu ya rasu, kafin sadakar arba'in a mayar da kwarinsa ƙofar gidan a Birni. In an mayar yadda ya kamata, za a ba da farin ƙyalle da turare da rago, kuma a bar gonar a hannun matar mamaci da 'ya'yansa. In ba a mayar ba, ko an mayar ba bisa ƙa'ida ba, ba wanda zai yi muku tsawa. Jakada zai zo bayan girbi ya gai da ku, ya yi muku ta'aziyya mai kyau, sannan dagaci ya nuna wa wani saurayi mai baka iyakokin gonar.

Ƙa'idar kuwa ɗaya ce. Ɗa ba ya kai kwarin ubansa. Liman ba ya kaiwa, dagaci ba ya kaiwa. Sai wanda suka tsaya a sahu ɗaya ranar yaƙi. Zai tuɓe takalmi, ya ajiye kwarin a gaban babban baran gidan, ya faɗi sunan mamaci da na ubansa, ya faɗi ranar da suka tsaya tare, da wanda yake damansa da wanda yake hagunsa. An sa wannan ne tun da aka kama waɗansu suna sayen tsofaffin kwaruruwa a kasuwa suna zuwa neman gona.

Mun fi ashirin da muka fita daga ƙasar nan shekarar da aka kai mu duwatsun Ningi. Waɗanda suka dawo, ni na kai kwarin yawancinsu. Da farko mukan tafi mu da yawa, muna hira a hanya, mu kwana a Ungogo, mu shiga Birni da safe. Daga baya muka koma mu uku, sannan mu biyu. Yau a duk faɗin ƙasar nan, wanda zai iya tsayawa a wannan ƙofa ya ce ya gan ni a sahu mutum ɗaya ne: Shago, Bamagujen da ke bayan fadama, wanda kai Muhammadu Sani ka kora daga zauren nan damina biyu da suka wuce.

Ba faɗa nake maka ba, ina faɗar abin da ya faru ne yadda aka gaya mini, don ina kwance a ciki. Ya zo da tumun sabon gero kamar yadda yake kawowa kowace shekara. Ɗalibanka suna zaune. Ka ji warin giya a bakinsa, ka ce kada ya ƙetare zauren da ake karatu, ka kira shi da sunan da ba zan sa a takarda ba. Ya ajiye geron a ƙasa ya juya. Na aiki Usaini ya ba shi haƙuri, Shago ya ce a gaya mini ba shi da komai da ni, amma wanda ya kore shi shi zai kira shi.

Na uku. Na ji kana cewa in lokacin ya yi za ka ɗauki liman da dagaci ku je, in an ƙi ku kai gaban alƙali, tunda ba a karɓar shaidar wanda ba Musulmi ba a kan Musulmi. Na karanta babin shaida kafin a haife ka, kuma abin da ka faɗa haka yake a gaban alƙali. Amma wannan ba shari'a ba ce tsakanin masu jayayya. Aro ne, mai abu ya gindaya sharaɗinsa, kuma sharaɗin bai haramta halal ba. Alƙali zai tambaye ka gonar ta waye, ka ce ta ubangidanmu, magana ta ƙare. Liman mutumin kirki ne, amma yana goye a bayan uwarsa ranar da muke Ningi. In baran gidan ya tambaye shi wa yake hagun Sama'ilu, me zai ce?

Shago ne yake haguna. Ranar da dawakai suka janye suka bar mu 'yan ƙasa a cikin kwazazzabo, ni da shi muka laɓe bayan dutse ɗaya tun hantsi har la'asar sakaliya, gora ɗaya tsakaninmu, ruwan bai kai rabi ba. Da azahar ta yi na yi taimama na yi salla a zaune, shi yana riƙe da bakansa a ɗane yana duban sama da mu. Da na sallame sai ya ce, Malam, in ka san doguwa za ka yi, ka riƙa gaya wa mutum ya sauya hannu. A lokacin ko alif ban sani ba, amma tun ranar yake ce mini Malam. Karatun da na yi bayan na ajiye baka, sai ya ce shi ya ja mini shi da bakinsa.

Giya haramun ce. Na gaya masa haka tun muna da baƙin gashi, ya ji, bai bari ba. Hisabinsa ba a hannuna yake ba, ba a hannunka ba. Haƙƙin maƙwabci kuwa ba ya faɗuwa don abin da ya sha.

Na huɗu. Ga yadda za ka je, Muhammadu Sani. Kai kaɗai, a ƙafa, ba ɗalibi a bayanka. Ka riƙe gishiri da garin taba. In ka isa ka tuɓe takalmi tun daga bakin darni, ka ce masa Baba. Zai bar ka a tsaye ya ci gaba da abin da yake yi, ka tsaya. Zai sa a kawo maka ruwa a ƙwaryar gidansa don ya ga abin da za ka yi, ka sha, ruwa ne. Zai faɗi maganganu a kan rawaninka, ka yi shiru. Kada ka fara da zancen gona. In ka fara da ita zai gane ba shi ka zo nema ba, bakinsa ka zo aro, kuma Shago zai iya barin gonar duniya ta tafi a kan wannan. Ka ce ka yi kuskure. Kalmar ba ta da tsawo.

Ka dubi abin da ke kan wannan tafiya. Ƙasar nan ta cika, daga nan har Birni gona tana jingine da gona, ba dajin da za a sara. Kai kana da ɗalibai masu yi maka noma a gonar surukinka. Usaini yana da karofinsa na rini a Birni. Maijidda fa? Tun da mijinta ya rasu ta dawo da 'ya'yanta ƙanana, abin da suke ci daga gonar nan yake fitowa. Mahaifiyarku kuma a nan ta haife ku duka, rijiyar nan a gabanta aka haƙa, kukar da ke bayan ɗaki ita ta tsare ta daga awaki tun tana tsiro. Usaini, na san kana cewa in abin ya ɓaci za ka ɗauke ta zuwa Birni. Na gode maka. Amma na tambaye ta, ta ce ba ta iya barci inda ba ta jin kukan zabi. Kada ku mai da ita baƙuwa a ƙarshen ranta.

Na biyar. Abin da na mallaka kaɗan ne: gonar gado ta bakin fadama, da jaki, da awaki, da littattafai, da baka. Liman ya raba bisa farilla. Ba a yi wa magaji wasiyya, don haka roƙo nake, Usaini da Maijidda, ku bari littattafan su faɗa a rabon yayanku, shi zai buɗe su. Gonar baka ba ta shiga rabo, tunda ba tawa ba ce. In an bar muku ita, a hannun Kaltume take, Maijidda ta noma tare da ita, ku maza ku kawo gayya da damina. Ba a bina komai.

Na shida. Ƙyallen da za a kawo daga Birni, kada a ɗinka riga da shi, kada a sayar. A naɗe shi da turaren a sa a adudun da nawa ya fito. Na Kaltume ne, ta sani, mun yi maganar. Ragon a yanka ranar sadaka, a kai cinya ɗaya bayan fadama.

Na bakwai. Zuwanmu Birni na ƙarshe, ni da Shago, da muka ajiye kwarin na ukunmu, na tambayi baran gidan ko za a yarda mu shaidi juna tun muna da rai, tunda mu kaɗai muka rage. Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, ya ce kwari ba ya shiga gidan nan sai mai shi ya kwanta. Muka fito. Muka wuce ƙofar gari. Sannan Shago ya ce, to Malam, ɗaya ya ci riba, ɗaya ya yi asara. Ka daure ka riga ni tun ƙafata tana kai ni Birni, kai da ma ka karanta hanyar a takarda.

Ga shi na riga shi. Shi zai kai nawa, nasa ba mai kaiwa. Shi ma a gonar baka yake zaune, 'ya'yansa maza sun mutu, daga shi sai tsohuwar matarsa. Ranar da ya kwanta, jakada zai je can bayan girbi. Saboda haka, daga sulusin da shari'a ta bar mini, na ba Shago da matarsa gefen gonar fadama, daga gindin ɗorawa zuwa bakin ruwa, su ci har ƙarshen ransu. Wannan ya halatta, na duba. Ba ladan shaida ba ne. Ko ya je Birni ko ya ƙi, nasu ne, kuma kada wanda ya gaya masa sai bayan ya dawo ko bayan arba'in ta wuce. In ya rasu, mutanensa za su rufe shi bisa al'adarsu, ba ruwanku da wannan. Amma ku je ku zauna a ƙofar gidan. Kada a ce ba wanda ya zo daga gidan Sama'ilu.

Na takwas. Takardar nan ba ta jiran mutuwata. Na roƙi liman ya karanta muku ita yau, don tafiyar da na ce a yi, gobe nake so a yi ta. Wanda aka je wa bayan an rufe gawa ya san abin da aka zo nema.

Akwai kuma wani dalili, zan faɗe shi tunda na faɗi sauran. Kuna kula da ni, ban rasa fura ba, ban rasa mai juya ni ba. Amma tun da Shago ya daina zuwa, ban sake jin sunan ko ɗaya daga mutanen nan da muka je Ningi tare a bakin kowa ba. Nakan fara lissafa su a raina, in kai wani wuri in tsaya, fuskar tana nan, sunan ya tafi, kuma ba wanda zan juya in tambaya. In na ba ku labari kuna saurara da ladabi. Shi kuwa cewa zai yi ƙarya nake, ba haka aka yi ba. Wannan nake so in ƙara ji.

Allah ya yi muku albarka, ku da abin da kuka haifa. Na yafe muku, ku yafe mini. Muhammadu Sani, kai ne babba, ka zama mai sauƙin zuwa. Usaini, kada Birni ta sa ka yi nisa. Maijidda, gidan nan gidanku ne, ba zaman alfarma kike yi ba. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe juna, kada darni ya shiga tsakanin ɗakunanku.

In Allah ya sa Shago ya yarda ya zo, a kai masa jaki, ƙafarsa ba kamar da ba ce. A shimfiɗa masa tabarma a nan kusa da gadona, a ja ƙofa, a bar mu.