Ambulan da Aukje Ta Ce a Cire

Harlingen, Litinin

'Yata Aukje,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Jelle. Yaya ciwon bayansa? Ni lafiyata ƙalau, raina ne a ɓace, kuma ke kika ɓata shi. Sau huɗu na kira wayarki ba ki ɗauka ba, to ga wasiƙa. Ba don katin Kirsimeti kaɗai na zauna ajin yamma na koyon karatu da rubutu ina da shekara hamsin da ɗaya ba.

Jiya na cika saba'in da takwas, kuma jikata Tjitske, 'yar cikinki, ta miƙe gaban dangi ta ce makarantun koyon sana'a goma sha biyu sun karɓi wasan kwali irin na ludo da ta ƙirƙira. Shekara biyu tana yanka kwali a teburina don ta nuna wa 'yan shekara sha takwas yadda albashi ke narkewa: haya, inshorar lafiya, wayar da ake ɗauka yau a biya gobe. Na yi tafi har kek ya faɗo daga cinyata.

Muna zaune a da'ira yadda aka saba, kujera jikin kujera, inda ko haɗiyar yawu ka yi kowa zai ji. A nan kika zaɓa ki ce, "Sai dai ki cire ambulan nan. Ba za ki yi talla da asirin gidanmu ba." Yarinya ta koma ta zauna kamar an watsa mata ruwan sanyi.

Me ambulan ta yi miki? Wanda ya faɗa kanta a wasan, a miƙa masa takarda mai ƙananan rubutu da minti ɗaya, sauran su yi ta ingiza shi: "Sa hannu mana, kofi na hucewa!" In ya ce zai je gida ya karanta, ya rasa zagaye ɗaya. In ya sa hannu, ya rasa babur ɗinsa. Asirin nan nawa ne, Aukje. Ni ne wani mai gyaran inji, Hidde Postma, ya shimfiɗa wa takarda shekara arba'in da suka wuce, ni na ce na manta tabarau don kada ya gane ban iya karatu ba, ni na rasa rabin jirginmu na kamun jatan lande. Ni kuma na ba Tjitske labarin da bakina.

Yanzu ta ce ba za ta buga ba sai da yardarki, ga maɗaba'a na jira zuwa Juma'a da rana. Ki kira ta.

Mahaifinki,
Douwe

Harlingen, Laraba

Aukje,

Ina gaishe ki, ina fatan kin tashi lafiya. Saƙonki ya iso ta bakin Jelle, wai in bar maganar. Tun yaushe muka fara aike tsakanina da ke? Bawan Allah ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula kamar ya zo ta'aziyya.

Ban bar maganar ba. Jiya na hau jirgin ƙasa na bi Tjitske Leeuwarden, inda ake gwada wasan. Aka zaunar da ni da samari shida masu koyon walda, kowanne kafaɗa kamar ƙofar gareji. Biyar cikin shida sun sa hannu, Aukje, biyar! Kuma duk sun iya karatu. Kunya ce kawai ta hana su cewa a dakata. Wani mai jan gashi da ya rasa babur ya ture kujera ya ce, "Haba tsoho, a gaske wane wawa ne zai sa hannu haka?" Na ce ga wawan a gabanka, kuma minti biyu da suka wuce ka zama ƙanensa. Suka yi ta dariya har malaminsu ya leƙo. Daga baya yaron ya biyo ni wajen rataye riguna, ya ciro takardar bashin waya daga aljihu, ya tambaya ko Tjitske za ta duba masa.

Da kin ga 'yarki tsaye a gaban aji! Na yi ta share hanci, na ce sanyi ne. Abin da kike so a yanke ke nan, don kada matan coci su yi gulma. Rabinsu sun mutu, sauran ba sa ji. Ban san na haifi mai tsoron bakin mutane haka ba.

Saura kwana biyu.

Mahaifinki da ke fushi,
Douwe

Harlingen, Juma'a da safe

'Yata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ban kuma san da wane ido zan dube ki ba. Na tsinci wasiƙarki a kan tabarmar ƙofa, babu kan sarki, wato da kanki kika zo kika tafi ba ki buga ƙararrawa ba. Na karanta sau uku.

Gaskiya kika faɗa. Ran nan ban sa hannu nan take ba. Na ce bari in nemo tabarau, na shiga kicin da takardar, na miƙa miki. Shekararki goma, kina fere dankali. Kika karanta gaban takardar da yatsa, kika ce, "Baba, gyaran inji ne kawai." Ba ki juya bayanta ba, inda sharaɗin rabin jirgin yake, ni ma ban san ana juyawa ba. Wallahi na manta da wannan, ko kuma na ga dama na manta, don labarin ya fi daɗin faɗa in babu ke a ciki. Shekara arba'in ina ba da shi a kowane taro, kina zaune kina ji, kina ɗauka ke kika nutsar da mu. Shi ya sa kike duba kowace takarda sau uku har Jelle na tsokanarki.

Fushina bai tafi ba, ya dai sami mai shi. Wane irin uba ne zai gwammace ya ɗora jirgi a kan 'yar shekara goma da ya ce wa ƙato ɗan'uwansa bai iya karatu ba? Babu laifinki ko na ƙwayar zarra. Abin da na rubuta ranar Laraba kuma, ki yafe mini.

Da niyyata in ce wa Tjitske ta cire ambulan, sai na kai layinki na ƙarshe. Na kira ta tun ƙarfe bakwai na karanta mata yadda kika rubuta: a buga, amma a mayar da sharaɗin rasa babur zuwa bayan takardar, inda yake a tamu. Sai ta tambaye ni yadda aka yi uwarta ta san wannan. Na ce wannan ba labarina ba ne, ta tambaye ki in kin so. Ta riga ta tafi maɗaba'a.

Ki zo ranar Lahadi, ki kuma buga ƙararrawa.

Naki har kullum,
Babanki Douwe