Ranar da Kika Taka Fedata

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya, Ya kuma ƙara masa sauƙin ciwon bayan nan. Mu ma nan sai godiya. Inna ta ɗan ji dama, yanzu tana iya riƙe kofi da hannun da ya shanye, ko da yake rabin shayin a zanina yake ƙarewa. Bakinta kuwa bai taɓa shanyewa ba, jiya ma sai da ta wanke Auta tas saboda ya aske gemu bai yi shawara da ita ba. Kullum sai ta tambaye ni ko kin kira, ni kuma in ce mata layi ne ba kyau. Ba layi ba ne, Yaya, ni ce ba na ɗauka. Na zaɓi in rubuto miki ne domin idan na ji muryarki kuka zan yi, ke kuma ki ce in yi haƙuri, maganar ta mutu a nan kamar yadda ta saba mutuwa tun muna yara.

Kin san abin da ya kai ni karatun nan. Da Inna ta faɗi, ke kina nesa da aurenki, Auta kuma namiji ne mai fita nema, ni ce na ajiye aikina na dawo gida. Ban taɓa yi wa kowa gori ba, uwata ce. Amma mutum yana son abin da zai ce nasa ne, shi ya sa da na ji akwai kwas da ake yi daga gida ta intanet, na koyon buga bayanan likitoci, na rungume shi hannu bibbiyu. Likita yana gama ganin majiyyaci sai ya naɗi muryarsa yana bayanin abin da ya gani, a turo mini, in sa abin saurare a kunne in mayar da maganar rubutu tsaf. Da baki abu ne mai sauƙi. Sai da na haddace sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi da magunguna, na manna su a bango har ɗakina ya koma kamar shagon magani. Na saba da likitan da ke magana yana taunar abinci, da wanda ke tari tsakiyar kowace kalma, da wadda ke gudu da baki kamar an biyo ta. Inna ta raɗa wa teburina suna keken ɗinkin da ba ya fitar da riga, saboda fedar nan da nake takawa a ƙasa. Amma darasin farko da Malamarmu ta ba mu ba na ƙashi ba ne. Cewa ta yi abin da ya shiga kunnenmu ta yatsu kawai zai fita, ba ta baki ba, ko da uwa ce ta tambaya, kuma duk sai da muka ɗauki wannan alƙawari.

Lokacin da kika zo, na riga na kai matakin ƙarshe, inda ake daina ba mu muryoyin gwaji a fara turo na gaske daga ƙaramin asibitin nan na bakin shataletale. Ba a faɗin sunan majiyyaci, lamba ake kira, sai dai likita yakan ambaci shekarun mutum da sana'arsa. Saura ƙiris in karɓi takardar shaida, har an yi mini albishir cewa asibitin zai ci gaba da ba ni aiki. Wallahi na yi murnar zuwanki kamar in taka rawa. Na ba ki gadona na koma tabarma. A ranar farko ma na zaunar da ke a kujerata na nuna miki yadda fedar take da wata muryar gwaji: a taka tsakiya likita ya yi magana, a ɗaga ya yi shiru, a taka gefe ya koma baya. Kika yi ta takawa kina dariya, kina cewa yau ga likita yana bin umarnin ƙafarki. Da hannuna na koya miki, ban san me nake koyarwa ba.

Da kika gaya mini abin da ya kawo ki, wato ki ƙara sanin yaron nan mai gyaran firji da ke neman ɗiyarki, na ce ai kin kyauta, haka uwa take yi. Sai da kika ji daga bakin maƙwabta cewa an sha ganin sa yana shiga asibitin nan, sannan idonki ya sauya. Kika same ni ina yanka albasa, kika sassauta murya, kika ce idan bayaninsa ya biyo ta hannuna in ɗan ƙyafta miki ido kawai, ba sai na ce komai ba. Na ce miki ba zan iya ba. Kika ce ɗan'uwa rabin jiki ne, ɗiyarki kuma ɗiyata ce, ko so nake a kai ta ga halaka ina kallo. Na ce idan kina shakka ki nemi su biyun su je a gwada su a gaban kowa, wannan hanya a buɗe take, ba wanda zai zarge ki. Kika yi murmushi, kika ce na zama babbar likita ke nan, kika karɓi wuƙar kika ƙarasa yankan. Na ɗauka magana ta wuce.

Da safen ranar da kika koma, kin tuna, ina cikin aiki Inna ta ɓata shimfiɗarta. Na tsayar da muryar zan rufe kwamfutar, sai kika ce in bar miki ita a buɗe, kina son ki kira maigidanki ki ga fuskarsa, wayarki ba caji. Kika ma ce in bi Inna a hankali, kada in yi sauri, za ki kula da tukunya. Har cikin raina na ji daɗi, na ce yau ga ni da yaya a gida. Na yi wa Inna wanka, na shafa mata mai, na tsefe mata kai, muna ta hira. Da na fito na tarar da ke a kicin kina waƙa. Abin sauraren yana inda na bar shi, sai dai da na sa a kunne na ji shi da ɗumi, na ce zafin ɗaki ne. Ba ki daɗe ba kika ce gida na kiran ki, muka raka ki tasha, har na yi hawaye.

Sauran labarin daga bakin wasu na ji shi. Kin kira mahaifiyar yaron kin ce an fasa auren, da ta matsa miki sai kika ce ɗanta yana ɗauke da ciwon da ba a ɓoye wa surukai, kuma daga bakin likitansa maganar ta fito. Baiwar Allah ba ta tsaya ko'ina ba sai asibitin, ta yi kuka a gaban layin masu jira, tana tambayar wanda ya sayar da ɗanta. Asibitin ya kira makarantarmu, makarantar ta kira ni. Ranar ce farkon ganina da Malamarmu ido da ido, matar da nake ta burin in haɗu da ita ranar karɓar takarda. Ba ta ɗaga murya ba. Juyo mini da kwamfutarta ta yi, ta nuna mini cewa na'urar tana rubuta duk takun da aka yi wa feda. A safiyar nan an mayar da murya ɗaya baya, an sake mayarwa, an kuma, ba tare da an buga ko harafi guda ba. Ta ce mai aiki ba ya saurare haka. Ta tambaye ni ƙafar wa ce. Na buɗe baki, sai na ga fuskarki ranar da kika goya ni zuwa makaranta saboda na taka kwalba, na rufe bakin. Na ce a ɗakina aka yi, amanar kuma a wuyana take. An cire sunana daga kwas ɗin, Yaya. Asibitin kuma ya janye muryoyinsa gaba ɗaya, don haka abin ya shafi har da sauran matan ajinmu da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, ciki har da wata mai goyon tagwaye.

Duk wannan da na iya haɗiye shi. Abin da ya tsaya mini a maƙoshi shi ne zuwan Kawu. Ya zauna a bakin gadon Inna tana barci, ya ƙi shan ruwan da na kawo, ya ce ya ji kunyata. Ya ce da ya kira ki yana faɗa, kin rantse masa cewa ke ba ki san yadda ake kunna na'urar ba ma, ni ce na ja ki gefe na tsegunta miki. Yaya, ni na rufa miki asiri a gaban baƙi, ke kika tona mini wanda ban yi ba a gaban dangi. Yanzu idan na shiga shagon magani sayen na Inna, mata sai su yi shiru su juya takardunsu. Maƙwabciyarmu da kan kawo mini sakamakon gwajinta in karanta mata ta daina sallama. An ce naka sai naka, daɗin zama sai bare, da ban yarda da rabin ƙarshen ba. Na ji ciwo, kuma ba zan ɓoye miki ba, har yanzu ina jin sa duk safiyar da na share ƙarƙashin teburin nan.

Auta ya isar mini da saƙonki. Ya ce yarinyar ta daina cin abinci, ke kuma ba kya barci, domin kin tuna cewa ba ki ji suna ba, shekaru da sana'a kawai kika ji, kuma masu gyaran firji ba ɗaya ba ne a gari. Ya ce kina roƙona don Allah, tunda aikin ya riga ya tafi ba abin da zan ƙara rasawa, in gaya miki kalma ɗaya: shi ne ko ba shi ba ne. Na sani, Yaya. Ni na ƙarasa buga bayanin har ƙarshe, na ji abin da ba ki tsaya kin ji ba. Kuma ba zan gaya miki ba, yau ko gobe. Idan na ce shi ne, na sayar da shi. Idan na ce ba shi ba ne, na buɗe ƙofar da za a fara ƙirga sauran, har a kai ga bawan Allahn da ya shiga ɗakin likita ya faɗi damuwarsa yana ganin daga shi sai Ubangijinsa. Sun karɓe aikin, amma alƙawarin ba su ce in mayar ba. Shi kaɗai ya rage mini, ba kuwa zan ba ki shi ba.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, da surukarki, da yaran duka har da ƙaramin mai ƙiriniya. Inna tana gaishe ki, ba ta san komai ba, kuma ina roƙon ki kada ta sani. Auta da matarsa suna miƙo gaisuwa. Ɗiyata kuwa ki rungume mini ita, ki ce ta ci abinci don Allah. Idan ta tambaye ki abin da ƙanwar uwarta ta ce game da yaron, ki gaya mata gaskiya ko sau ɗaya: ban taɓa cewa komai ba.

Allah Ya haɗa fuskokinmu lokacin da zan iya kallon taki.

Ƙanwarki,
Mai jinyar Inna