Rawand ɗinka ya ruɓe, Malam

Zuwa ga Malam, a maƙabartar Mu'alla, Makka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da roƙon Allah ya sassauta maka kwanciya, na san takardar nan ba za ta same ka ba. Ban damu ba. Shekara arba'in ina yi maka magana kana raye, ita ma ba ta same ka ba. Yau dai ba za ka katse ni ba.

Kwana goma ke nan da na fita takaba. 'Yarka Hadiza ta sauka, namiji, an sa masa sunanka, Allah ya sa gadon ya tsaya a sunan. Keken ɗinkinka na ba mijinta. Bana har ta jirgin sama wasu alhazan Kano suka zo, hanyar da ta ci mu shekara bakwai a ƙasa. Akuya tana nan lafiya lau, ita da ta fi kowa cin moriyar lambunka.

To, zancen lambun ne ya zaunar da ni. Ka tuna 'yar ƙasar nan kamu uku da ke gindin katanga, a tsakar gidanmu na unguwar Mansur? Yakuwar Inna ce a wurin. Tun daga Katsina mahaifiyata ta ƙullo irin a bakin zane. Duk inda damina ta tsare mu, a Barno, a Wadai, a bakin Nilu, sai ta shuka, mu ci ganye, ta tara iri. A Sawakin ta rasu, a bakin Bahar Maliya, ba ta ga Ka'aba ba. Irin ne ya ƙarasa mata tafiyar.

Sai ga ka rana ɗaya ka dawo daga shagon ɗan Bukharan nan da kake wa ɗinki, rungume da wata baƙar saiwa kamar tafin raƙumi. Wai rawand, wai ita manyan mutane ke dafawa da sukari. Ka tuge yakuwata tana tsakiyar fure. Ka ce ciyawar Takari ce, tana sa maƙwabta su gane inda muka fito. Malam, da tsagar Katsinawa rangaɗau a kumatunka, yakuwa ce za ta tona maka asiri?

Ɗan Bukhara bai gaya maka shukar ƙasar ƙanƙara ce ba? Ya gaya maka, ka ce sanyin Makka ya isa. Shekara shida! Zafi na shigowa ta narke, kai kuma ka hau mota zuwa Ɗa'if ka roƙo wata saiwar. Ka yi mata rumfa da jiƙaƙƙen buhu. Garwa biyu ake ɗauko mana daga bazan, wato wurin ɗiban ruwan unguwa, ɗaya tata ce, ɗaya ta girki da wanki da wankan mutum biyar. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni ba ka yi mini fifita ba, amma na hango ka ta taga a tsugune kana yi wa ganye fifita.

A shekara ta uku ta yi abin kai, ta fid da ganye biyar masu faɗin faifai, da kara ja wur. Ka naɗa rawani, ka gayyato abokanka. Da hannunka ka yanke, ka jefa wa akuya jajayen karan, ka miƙo mini ganyen ka ce a kaɗa miya. Kwana uku dattawa shida suna zaryar makewayi, sahun gaba na masallacin unguwa ya zama wayam. Daga baya ɗan Bukhara ya gaya maka, yana share hawayen dariya, cewa karan ake ci, ganyen guba ne. Ka gudu daga miyar ganye, ka samu abincin manya, ka mai da shi miyar ganye. Ni ban ci ba, don ba ka yi mini tayi ba. Cikin alheranka wannan na fi tunawa.

Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ranar da ka tuge yakuwar ina da sauran irin bara, ƙwaya goma sha tara. Na rasa inda ba za ka duba ba, sai na farke matashin kanka na ɗinke su a ciki. Shekara shida kana ɗora kanka a kan ciyawar Takari, Malam, kuma ban taɓa jin ta hana ka minshari ba.

Kullum gabana yana faɗuwa, don iri yana tsufa. Na ce a raina, in ya mutu a matashin nan, da ni da kai sai gaban Allah.

Duk tsawon takabar ko ɗigo ban ba rawand ɗinka ba. Ranar da na fita na ɗauki fartanya na tone saiwar. Ta ruɓe tiɓis, ko akuya da ta sansana juya baya ta yi. Na farke matashin. Na daɗe ina riƙe da shi, ban sani ba ko don irin ne, ko don ƙamshin man kanka da bai bar audugar ba. Na shuka, na ba su garwar nan guda cur. Kwana tara ina kallon ƙasa, ƙasa tana kallona.

Yau da safe uku sun tsiro.

Saboda haka na yafe maka. Ba halinka ya jawo maka ba, in kun haɗu da Inna ka durƙusa ka yi mata godiya. Da Hausa za ka yi, ba ta jin Larabcin nan naka.

Ka huta lafiya, Allah ya jiƙan ka.

Ni ce matarka Rabi, Takariya, mai lambu a Mansur.