Babi Na Tara

Litinin, 6 ga Oktoba

An raba littattafan zango. A cikin duk littattafan duniya sai wannan aka ba ajina, na direban jirgin ƙasa da 'yarsa. Na tambayi Shugabar makaranta ko za a iya canzawa, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Malama, ke da kike watanninki na gwaji, har kin fara zaɓe?"

Yara sun sa masa suna Bulo, saboda kauri.

Laraba, 8 ga Oktoba

Babi na ɗaya. Mutum huɗu sun yi barci. Wani ya tokare taga da nasa.

Ni kam hakan bai dame ni ba. In ba su so shi ba, ba za su yi tambaya ba.

Litinin, 13 ga Oktoba

Bari in rubuta a nan, tunda ba mai gani. Ban taɓa gama littafin nan ba. Ina aji biyar aka ba mu shi, shekarar da Baba ya kwanta a asibiti. Kullum bayan makaranta nakan zauna gefen gadonsa in karanta masa, yana gyara mini inda nake gudu. Mun kai ƙarshen babi na takwas ranar wata Talata. Laraba da na iso, an riga an naɗe katifar.

Jarrabawa kuwa da taƙaitaccen bayani na ci ta. Da shi nake koyarwa yanzu, a ɓoye cikin rajista. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Akwai wata yarinya a layin gaba, Lauya suke ce mata don ba ta barin magana ta faɗi ƙasa. Yau ta ce direban mugu ne, tunda ya ɓoye wa 'yarsa cewa idonsa na mutuwa alhali yana jan jirgi cike da mutane. Dogo, wanda tun farkon zango ban ji muryarsa ba, ya miƙe daga baya ya ce da ƙyar, "In ya faɗa a kore shi, ke za ki ciyar da su?" Aji ya kaure. Har aka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya motsa.

Ya kamata in ji daɗi. Gabana ne ke faɗuwa.

Talata, 21 ga Oktoba

Sun wuce ni. An cire Bulo daga taga. Na ga 'yan mata uku a gindin bishiya lokacin hutun tara, kai a haɗe a kan kwafi ɗaya, ɗaya na cewa "kar ki juya, ban gama ba."

Lauya ta tare ni a baranda. "Malama, abin da ya ce mata a kan gada, gaskiya yake nufi ko lallashinta yake?" Babu wata gada a takarduna. Na ce, "Ke me kika gani?" Ta tsaya tana kallona, kallon da ya ɗan yi tsawo. Ta gane, ina jin.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Shugaba za ta shigo ajina ranar Laraba ta ga yadda nake koyarwa. Daga nan za ta rubuta ko a tabbatar da ni ko a sallame ni. Na duba jadawali. Babi na tara.

Yara kuma sun haɗa baki wai ni za ta karanta musu shi da murya, don na fi su iya muryar tsohon.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Na buɗe babi na tara bayan na gama wanki. Layi biyu. Warin maganin goge ƙasa na asibitin nan ya cika mini hanci, a ɗakina, taga a buɗe. Na rufe, na kama goge kayan da na riga na goge.

Yaya ya kira. Na kusa gaya masa, sai na tambaye shi lafiyar yara.

Talata, 28 ga Oktoba

Zan iya cewa muryata ta dishe. Zan iya ba su gwajin ba-zata. Zan iya rashin lafiya, wannan ma ba ƙarya ba ce sosai.

Laraba, 29 ga Oktoba

Ban san yadda zan rubuta yau ba.

Shugaba ta zauna a baya kusa da Dogo, da biro a hannu. Na fara. Shafi biyu lafiya lau. Sai aka zo inda yarinyar ke karanta wa uban jadawalin jirage saboda ya daina gani, yana ce mata ta rage gudu. Muryata ta tsaya cak. Na yi tari, na sake gwadawa, babu. Haruffa suka narke. Ina tsaye gaban mutum arba'in da biyu da mai riƙe da aikina, hawaye na ɗiga a kan shafi.

Ban san me ya sa ba, na ce, "Ban taɓa wuce nan ba. Mahaifina nake karanta wa."

Sai na ji Lauya ta ɗauka daga daidai kalmar da na tsaya, ba ta ko ɗago kai ba. Da ta kai ƙarshen shafi ta kusa da ita ta karɓa. Haka ya bi layi-layi har baya. Dogo yana in'ina, ashe shi ya sa ba ya magana, amma ya kai nasa ƙarshe, ba wanda ya yi dariya. Na zauna a kujerar wata da ba ta zo ba, na saurara. Ga gadar ma ashe a nan take.

Da za ta fita Shugaba ta ce in same ta Litinin. Fuskarta ba ta nuna komai ba. Shi ke nan, ina jin na kashe kaina da bakina.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Har yanzu ban san me Litinin za ta kawo ba. Abinci ba ya shiga sosai.

Na je wurin Inna. A mota na buɗe babi na goma sha ɗaya, don shirin darasi, na ɗago na ga mun wuce unguwarmu da nisa. Da ƙafa na dawo.

Tana ɗinke maɓallin riga na ce, "Inna, safiyar ran da Baba ya rasu, ya ji tsoro?" Ban taɓa tambaya ba. Ta ajiye allura. Ta ce, "Tsoron me? Faɗa yake ta yi, wai an ba shi shayi ba sukari kamar wani fursuna." Muka yi dariya har ta share ido da bakin mayafi. Na kai la'asar a can, tana ta ba ni labarinsa.

Saura babi biyu. Yanzu shafi uku-uku zan riƙa yi a rana. Ba wai don kar ya ƙare ba ne, idona ne ke saurin gajiya kwanan nan.