Na Musanya Jar Motarka

Zuwa ga Malam, maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda mai rai ke iya aika wa wanda ya riga shi, ina sanar da kai abin da duk unguwa ta riga ta sani: na musanya jar motarka.

A rabon gado ta faɗo hannuna da na 'yarmu Rabi, malamai sun shaida. Bayan na fita takaba na miƙa ta ga wani dillali a unguwar Elig-Edzoa, na karɓo wata mai tsayi, mai kujera biyar, ta hannu ce, ruwan toka, ba kyau ba murya. Yayanka Bello ya ce na sayar da mutuncinka. Ya kira taron dangi ranar Juma'a bayan la'asar, yana so in warware cinikin.

Ba zan warware ba.

Ban musa cewa taka ta fi gudu ba. Kai da kanka kakan ce ba tuƙa ta ake yi ba, lallashinta ake yi. Tun daga hawan Messa nake jin rurinta, in sauke tukunya kafin ka iso. Ina yi maka wa'azi a kan riya, alhali zuciyata na tsalle. Shekara ashirin na ɓoye maka wannan, Allah Ya yafe mini.

Amma kujera biyu gare ta, Malam. Ka tuna jajibirin Layya da ka ɗauko rago daga Etoudi? Shi ya zauna a gefenka, ƙafafu a ɗaure, kansa ta taga, ni da Rabi muna biye a taksi. Unguwa ta yi dariya, ni ma na yi.

Ranar da ka yanke jiki ka faɗi a ƙofar gida ban yi dariya ba. Babu inda za a kwantar da kai a cikinta. Muka tsaya bakin titi muna ɗaga wa taksi hannu, ita tana tsakar gida a lulluɓe.

Na tambayi kaina a kan sallaya ko haushin wannan rana ne ya raba ni da ita. Na san ajali ba ya jiran mota. Duk da haka akwai haushin, ban wanke kaina ba.

Sai dai ka dubi Inna, mahaifiyarka. Gwiwoyinta sun ƙi, asibiti na nemanta sau biyu a mako. A wannan zamani da esansi, wato fetur, ya zama sai an bi layi, masu taksi na cusa mutum biyu a gaba, kuma ba sa shigowa lungunmu idan ruwa ya cinye hanya. Jar taka cikinta na gogar ƙasa, shan mai kuwa sai wanda ya gani. Wannan da na karɓo tana taka rami ta wuce, keken da muke tura Inna a kai na shiga bayanta, Rabi ta samu permi, wato lasin tuƙi, tana tuƙawa. Bello mai kare mutuncinka bai taɓa kai Inna asibiti ba ko sau ɗaya.

Ranar farko da muka zaunar da ita a gaba, ta daɗe tana shafa kujerar. Ta ce shekara ashirin ɗanta na da mota, sai yau ta shiga motar gidansa.

Ranar Juma'a da ita za mu je taron, tana zaune a gaba. In Bello ya isa, ya buɗe ƙofa ya ce mata ta sauka.

Har yanzu, Malam, idan wani inji ya yi ruri a hawan Messa, hannuna yakan kai ga tukunya kafin in tuna.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya gafarta maka son gudu, Ya gafarta mini taurin kai, Ya haɗa mu inda akwai wurin zaman kowa.

Matarka,
Maryama