Na Daina Ɗaure Wa Safiya Hannu

Zuwa ga Gwaggo Ladi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Yaya ciwon ƙafar? Yaya Baffa da mutanen gida? Mu nan Lafiya sai godiya.

Saƙonki ya iso, cewa in ci gaba da ɗaure wa 'yata Safiya hannun hagu har ta saba da dama. Gwaggo, ki yi haƙuri, na daina.

Ran da aka koma makaranta bayan hutun sabuwar shekara, na ɗauko tsumman ɗaurin. Tun ban ce komai ba ta miƙo hannun da kanta, ta ce, "Mama, yau kar ki ɗaure da ƙarfi." 'Yar shekara bakwai fa! Kunya ta kama ni, na jefa tsumman a murhu.

Abinci da dama take ci, wannan ban sassauta ba. Amma rubutu da hagu za ta yi, mai magana ya yi ta yi. Tun ranar hankalina kwance yake.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida Baffa. Adireshin da ke bayan ambulan ɗin nan ita ta rubuta. Ki duba da kyau.

'Yarki,
Hadiza